Abin da Yayanka Ya Faɗa wa Butar Shayi

Gayndah, farkon Yuli

Zuwa ga maigidana, Baban Lisbet,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya. Yaya Lisbet da Tomsen? Yaya ƙafar Mama, kumburin ya sace? Ka gaishe mini da Fasto. In ka shiga garin Lakatoro ka gaida matan layinmu na kasuwa, ka kuma tuna wa Rutha teburina aro na ba ta, kada ta fara kiransa nata.

Ni lafiyata ƙalau, sai sanyin da ke ratsa ƙashi.

Baban Lisbet, Turawan ƙasar nan da muka zo wa aikin lemo sun yi nisa, dole a sara musu. Mu a gida iyakarmu mu ware doya da gwaza. Su har abin da ke cikin ƙirjin mutum sun zauna sun ware, sun raɗa wa kowanne suna, sun buga a takarda mai launi. Duk Asabar in mun tashi daga rumfar lemo, bas na kwasarmu zuwa zauren cocin garin mu koyi Turanci. Malamar sunanta Bronwin, tsohuwar nas ce, kirkinta har ya yi mata yawa. Watan nan darasin zuciya muke yi. Ta manna wani faifai a bango, an yayyanka shi kamar kankana, kowane yanki da launinsa da kalmominsa. Da na ƙare masa kallo sai na gane ai aikinmu ne na rumfa: lemo na tafiya a kan bel ɗin inji, mu fitar da manya, mu fitar da matsakaita, sauran a tura wa masu matsewa. Fushi kaɗai iri-iri ne. Akwai na wanda aka taka wa ƙafa a bas, akwai na wanda ya wuni a bakin teku jirgi bai zo ba, akwai na fasa tukunya. Baƙin ciki kuwa shuɗi suka ba shi, daga mai haske har mai duhu, yadda mai shago ke jera yadi.

Da mun zauna sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi yadda yake ji yau. Ka san mutanenmu. Wa zai ci biskit ɗin mutum, ya sha shayinsa, sannan ya ce masa ransa a ɓace yake? Kowa "fine" yake cewa, wato lafiya lau, har wanda ciwon haƙori ya kumbura wa kumatu. Baiwar Allah ta yi ta lallashi. Ni da na ga mai saye tana yawo da kwando babu mai sayar mata, sai na buɗe nawa kayan. Na ce "homesick", ciwon kewar gida ke nan. Ta dafa kafaɗata, ta turo mini farantin biskit gaba ɗaya. Jenita, maƙwabciyarmu, ta zungure ni ta ce, "'Yar kasuwa, har kin gano farashin? Mako mai zuwa ki gwada mana shuɗi mai duhu, wataƙila a soya mana kaza." Na ce mata ta yi haƙuri, ba a fitar da kaya mai tsada ranar farko.

Abin da Jenita ba ta sani ba, kayan da na sayar ɗin ba jabu ba ne.

Ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Lemo zai ƙare a ƙarshen Agusta. Matar mai gonar lemon tana so ta riƙe kaɗan daga cikinmu mu zarce aikin inabi har bayan Kirsimeti, kuma sunana na ciki. Tana son amsa ranar da aka tsinke lemon ƙarshe. Na faɗa maka a waya, ka ce, "Yadda kika gani." Na san inda kake tsaye a lokacin, kan tudun nan da waya ke kamawa, rabin ƙauye a bayanka suna jiran layi da kunnuwa a buɗe. Shi ya sa na rubuto, takarda ba ta tara 'yan kallo. Rufin kwanon da na fito nema ya samu, makarantar Lisbet ma ta samu. Abin da zai biyo baya ƙari ne. Ba lissafi nake tambayarka ba, lissafi sana'ata ce. Kai nake tambaya: in zauna ko in dawo?

Yayanka ya iso lafiya da rukuni na biyu, yana tsinka a gona. Muna kiyaye abin da ya kamata. Ba na kama sunansa, ba na yi masa magana, ba na miƙa masa abu hannu da hannu. A bas yana gaba, ina can baya. Saboda shi ma na roƙa a bar ni a rumfa, don ba zan hau tsani in tsaya sama da kansa ba. Shi ne na ƙarshe da ya gan ka da ido. Shinge ɗaya ya raba gidajenku, ya san abin da kake ci da inda kake zama. Ga shi kullum ina kallon ƙeyarsa, kuma duk ƙasar nan shi kaɗai ne ba ni da ikon tambaya.

Ka sumbaci yara. Allah Ya tsare ku.

Taka har kullum,
Merelin, Maman Lisbet

Gayndah, ƙarshen Yuli

Baban Lisbet,

Ina gaishe ka, ina gaida yara da Mama, da fatan ruwa bai taɓa mana gonar kava ba, kada maza su rasa saiwar da suke jiƙawa su sha. Amsarka ba ta iso ba tukuna. Na ɗora laifin a kan jirgin ruwa, tunda shi ba ya musu.

Bari in ba ka labarin abin kunyar da ya faru kafin ya iso maka da ƙari a bakin wasu. Asabar ɗin da ta wuce Malama Bronwin ta zo da sabuwar dabara. Wai mu zauna bibbiyu, gwiwa na kallon gwiwa, kowa ya dubi tsakiyar idon ɗan'uwansa ya faɗa masa abin da ke ransa da Turanci. Ita ta haɗa mutane da kanta, don kada aboki ya zauna da aboki a ɓuge da Bislama, yarenmu na gida. Ta kama hannuna, ta ja ni, ta zaunar da ni a gaban Yayanka.

Mutanenmu duk suka zuba mana ido. Shi ya ɗaga kujerarsa a hankali, ya juya ta, ya fuskanci bango. Ni kuma na zame daga tawa, na sunkuya, na fice. Ban tsaya ba sai gindin bishiyar da ke bayan coci.

Ta biyo ni da ƙaramin faifanta na hannu. Ta ce in ba zan iya faɗa ba, in nuna da yatsa. Nata yatsan sai kewaya yankin tsoro yake. Ta rage murya ta tambaye ni ko mutumin nan ya taɓa yi mini wani abu. Ka ji fa, mutumin da ya tsaya a gaban dangina ranar aurenmu ya miƙa aladun sadaki a madadin mahaifinku. Na ce mata yayan mijina ne. Ta gyaɗa kai cikin tausayi, ta ce ai sau da yawa a cikin gida irin wannan yake faruwa. Ana haka Jenita ta iso da Turancinta mai ɗingishi don ta cece ni, ta ce, "Malama, ko sunansa ba ta iya faɗa, shekara da shekaru. In ya shigo ɗaki fita take." Malama ta ƙara fari a kan farinta.

Na ce, "Jenita, don Allah rufe mana baki kafin ki sa a kira 'yan sanda." Sannan na tattaro 'yar makarantar da na yi, na bi da Malama a hankali, yadda ake bi da baƙon da ya ɗauki gwaza yana tambayar ko dankali ne. Na ce su wanda suke girmamawa ido suke sa masa, mu kuma hanya muke ba shi. In na kalli mutumin nan a fuska na zage shi, na zagi mijina. Fuskarta ta yi ja har kunnuwa. Na karɓi faifan na nemo mata kalmar kunya, na ce ga tata ta yau. Ta yi dariya har da ƙwalla. Ba laifinta ba ne, kaya ta zo sayarwa kasuwar da ba ta san al'adarta ba.

Da ta huce ta tambaye ni, to in gida ya kama da wuta fa, yaya zan faɗa masa? Na ce sai in faɗa wa ginshiƙi, ko kare, ko tukunya, da ƙarfin da zai ji. In yana da amsa shi ma ya ba wani abin.

Maganar nan ta kwana a raina. Ranar Lahadi bayan coci ina kicin ɗin masaukinmu, Yayanka na zaune a bakin ƙofa yana ɗinke takalminsa. Na ɗora ruwa, na yi ta maza, na ce, "Buta, ke da kike jin hirar maza, ko kin ji yadda aka baro mutumin gidana? Yana cin abinci kuwa? Ya taɓa cewa wani abu?" Ya ci gaba da ɗinkinsa har ruwa ya tafasa. Can sai ya ɗaga takalmin ya ce, "Takalmi, ka faɗa wa buta aladu suna lafiya, rufi kuma ba ya yoyo." Ya tashi ya tafi. Jenita da ke yanka albasa ta ce, "Ikon Allah. Ƙawata, gidan da kika shiga kaf bakinsu ɗaya ne, aro suke ba juna."

Ban ga laifinsa ba. A yarenmu ina hanyar da babban wa zai bi ya taɓo abin da ke tsakanin ƙanensa da matarsa? Ko ta bakin tukunya ba a yi.

Amma Baban Lisbet, nauyin nan ya ishe ni. In bel ya fara gudu da safe hannuna na kan lemo, ni kuwa ina gida. Ina jin ƙarar wasa addarka a bayan kicin. Ina jin ƙamshin laplap, tuwon doyarmu na gashi, lokacin da aka ɗaga duwatsu masu zafi, ganyen ayaba ya buɗe, kai kuma ka matso kana cewa ba yunwa kake ji ba. Har tarin nan naka na dawowa daga rumfar kava, wanda na sha yi maka faɗa a kansa, yanzu da za a sayar da shi da na saya.

Ka ba ni amsa. Ka gaida kowa.

Taka,
Merelin

Gayndah, tsakiyar Agusta

Baban Lisbet,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da yara da Mama. Takardarka ta iso, na gode. Na ji daɗi da uwar aladu ta haihu lafiya, da Tomsen ya daina tsoron makaranta, da kwano ya hau har kan kicin. Rubutunka ma ya yi kyau, layuka a miƙe.

Na karanta ta a rumfa, na sake karantawa a bas, na juya bayanta ko akwai saura. Na ɗaga ta a rana, yadda nake wa takardar kuɗin da ban yarda da ita ba. Abin da ya shafe ni layi ɗaya ne a can ƙasa: "In suna sonki ki zauna, mu nan babu matsala."

To, madalla. Mai kayan da ya ce wa mai saye ɗauki in kina so, bari in ba kya so, ya riga ya faɗi darajar kayan a wurinsa. Na daɗe a kasuwa, ba sai an fassara mini ba.

Jiya Malama ta zo kaina da tambayarta, na tashi na je gaban faifan don in zaɓa. Akwai kalmar wanda aka manta da shi, akwai ta wanda ya sa rai aka ba shi kunya, akwai ta wanda ya ga ba a bukatarsa. Duk an jera su kusa da juna, masu kyau, kowace daidai ni. Na tsaya kamar mai zaɓen riga ba ta da inda za ta sa ta. Daga ƙarshe na ce na gaji, na koma na zauna. Jenita ba ta yi tsokana ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ranar da aka tsinke lemon ƙarshe zan ce wa matar mai gonar na amince. Ka ce wa Mama ta taya ka dashen doya, ko ka nemi matar Yayanka. Ka ce wa Lisbet zan aiko mata da takalmin Kirsimeti ta hannun masu dawowa, ta auna ƙafarta da zare ta aiko.

Allah Ya ƙara muku rashin matsala.

Merelin

Gayndah, ƙarshen Agusta

Maigidana, Baban Lisbet,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Yaya yara, yaya Mama, yaya 'ya'yan aladu? Yaya kuma bakin teku, ƙusoshin da kake jira sun iso? Kada ka yi mamakin tambayar, karanta ka ji.

Asabar aka yi darasin ƙarshe. Tun abin da ya faru Malama ta daina haɗa mutane ido da ido. Ta ce yau kowa ya tashi ya kwatanta yadda wani mutum yake ji, wanda ba ya cikin zauren. Jenita ta yi na mijinta, ta ce yana cikin farin ciki mai tsanani tunda ba ta nan, aka yi dariya. Wasu suka yi na 'ya'yansu. Da aka zo kan Yayanka Malama har ta buɗe baki za ta tsallake shi, don tun zuwansa kalma ɗaya ce tal take samu a wurinsa. Sai ya miƙe. Ya cire hularsa, ya taka zuwa teburin shayi, ya ba mu baya, ya tsaya a gaban babbar butar zauren.

Da Turanci ya yi, Baban Lisbet. Turanci mai nauyi, yana ɗora kalma a kan kalma kamar mai jera duwatsun murhu. Ashe duk makonnin nan da yake zaune kamar gunki haddacewa yake. Zan juya maka yadda na ji.

Ya ce, "Buta, ina da ƙane. Ƙanena yana lonely." Kaɗaici ke nan, yana cikin shuɗi mai duhu. Ya ce gida cike yake da mutane, amma ƙanensa a bakin kicin yake cin abinci a tsaye. Ya ce rumfar kava ma ƙoƙo ɗaya yake sha ya tashi, har maza sun fara tambaya ko ya koma cocin da ke hana sha. Ya ce duk ranar da jirgi ya shigo sai ya sauka bakin teku, wai zai duba ko an aiko da ƙusa, alhali ƙusa na nan cikin buhu a ƙarƙashin gado tun kafin Ista. Yana tsayawa har fasinja na ƙarshe ya sauko, sannan ya hau tudu ya koma.

Ya waiwaya gefen da ba na nan, ya dubi faifan bango, ya nemo wata a yankin tsoro. Ya ce ƙanensa tsoro yake ji. Matarsa ta ga fitilun da ba sa mutuwa, ta ga ruwan zafi a famfo, ta iya Turanci fiye da Fasto. Yana tsoron in ya ce ta dawo ta ce a'a, gara kada ya tambaya. Sannan ya ce, "Kuma yana da taurin kai." Malama, cikin 'yar muryarta, ta ce wannan hali ne, ba ya cikin abubuwan da ake ji. Ya ce, "Buta, ki faɗa wa Malama a gidanmu ana jin sa sosai." Ya mayar da hularsa ya fita.

Ni ina can baya, na ja gyalena na rufe fuska. Faifan nan da na yi wata biyu ina yi wa dariya, kowace kalma da ya ɗauko daga cikinsa na san ta, na san launinta, ba wadda ta wuce ni. Jenita ta riƙe hannuna ta ce, "Yi kukanki, 'yar kasuwa, yau an yi miki gyara." Malama ta turo biskit, ban iya ci ba.

A bas maza suka kaure da gardama. Wasu suka ce bai karya komai ba, da buta ya yi magana, kuma da Turanci, Turanci kuwa ba shi da suruki. Wasu suka ce maganar ɗakin ƙane maganar ɗakin ƙane ce ko da yaren tsuntsaye aka yi ta. Yayanka ne ya raba gardamar da kansa, yana kallon gilashin gaba. Ya ce bakin da ya faɗa na aro ne, amma kunnen da ya ji na gida ne. In mun koma zai kai wa 'yan'uwana zakara da tushen kava da tabarma, a wanke maganar. Ka san Yayanka da zakarunsa, ko na Kirsimeti sai an yi masa wa'azi yake yankawa.

Jiya aka tsinke lemon ƙarshe. Na je wurin matar mai gonar na yi mata godiya, na ce ta ba wata gurbina. Ta ce in sake tunani, ba kowa ake yi wa irin wannan tayin ba. Na ce na sani, ni ma ba kowane tayi nake sallamawa ba. Jenita ce za ta zauna, ta ce bari ta ƙara wa mijinta farin ciki.

Za mu tashi a jirgin sama zuwa babban birninmu Vila da rukunin farko, daga nan in biyo jirgin ruwa zuwa tsibirinmu. Kada ka bari a taɓa gefen gonar da nake dasawa. Ka ce wa Lisbet ta bar zaren, zan auna ƙafar da hannuna. Ka faɗa wa Rutha ta fara kwashe kayanta. In ka sauko bakin teku ka zo hannu sake, ba sai ka nemo dalili ba, jakunkuna suna da nauyi.

Ka gaida Mama da Fasto da duk mai tambayata. Allah Ya sada mu da alheri.

Taka, wadda ba ta taɓa cewa a'a ba tunda ba a tambaye ta ba,
Merelin, Maman Lisbet

Af, na kusa mantawa. Shi da al'ada ta ɗaure wa baki ya kwance, har zai biya zakara. Kai da aka ɗaura mana aure a gaban gari don ka riƙa yi mini magana, wace al'adar ce ta ɗaure naka?